Azumin da Aka Yi wa Nama Ɗinki

Shekaranjiya da la'asar na tsaya wajen Ɗan'azumi mahauci zan yi mana cefanen buɗa-baki. Na nuna masa awazar akuya da ke rataye, na ce ya yankar min gefe. Har ya ɗaga wuƙa sai ya tsaya, ya dube ni ta ƙasan ido ya ce, "Malam Sabi'u, na ci ne ko na karatu?" Muka kwashe da dariya mu biyu, masu jira suna kallonmu ba su san kan zancen ba. Ban gama dariyar ba na ji hannuna ya tafi da kansa ƙarƙashin hammatata ta dama, inda tabon yake.

Azumin bana mai sauƙi ne. Ya zo ne a wutsiyar sanyi, da asuba har mutum ya nemi mayafi, kanal ɗin noman rani cike da ruwa, motocin tumatir sun yi layi a bakin titi tun daga Kura har Kadawa. Yara ma kai azumin suke suna tsalle. Wanda nake tunawa ba haka ya zo ba. Azumin shekarar korona a tsakiyar bazara ya sauka, lokacin da ƙasa ke gasa tafin ƙafa ta cikin takalmi, kuma ya same mu a kulle.

Ni malamin firamare ne, amma duk malamin da ke wannan yanki manomin rani ne kafin ya zama malami. Da aka rufe makarantu sai na koma gona gaba ɗaya. A gidan akwai mahaifiyarmu, Inna, da mai ɗakina da yara, sai kuma ƙanwata Bilki wadda kullen ya dawo mana da ita. Bilki likita ce. Ta gama karatu, ta yi aure a birni, sannan ta shiga horon ƙwarewa a sashen gaggawa na wani babban asibiti, wurin da ake kai wanda mota ta buge ko wanda numfashinsa ke neman ɗaukewa. Mu a ƙauye da muka ji an ce likita tana koyon likitanci sai muka ce to, abin nasu ba ya ƙarewa ke nan.

Ita ta warware min yadda abin yake. Ta ce wannan matakin ba a littafi ake koyonsa ba. Da farko ka tsaya ka kalli babba yana yi. Daga baya ka yi da hannunka, shi kuma yana tsaye a bayanka. Sai ya gamsu sannan a bar ka kai kaɗai. A cikin ayyukan da ake koya musu akwai huda ƙirji a sa bututu tsakanin haƙarƙari, idan iska ko jini ya taru ya danne huhu. Ta kalla an yi, ta miƙa kayan aiki, ta riƙe hannun marar lafiya, layi ya kusa zuwa kanta ke nan sai cutar ta shigo. Kayan kariya suka yi ƙaranci, manyan likitoci suka ce duk aikin da zai buɗe maƙogwaro ko ƙirji su za su yi da kansu, masu koyo su tsaya nesa. Hanyoyi kuma an rufe, ko haɗarin motar ma ya ragu. Aka ɗage jarrabawa, karatu ya koma cikin waya. Ita kuwa da yake tana da tsohon ciki, na fari, malaminsu da kansa ya ce ta tafi gida. Mijinta a ɗakin gwajin jini yake aiki, shi ma tsoron ɗebo mata cutar yake yi, sai ya kawo ta ya ajiye a ƙofar gida, ko zaure bai shiga ba.

Inna ta yi murna har ta rasa inda za ta sa kanta. Dama tana ta ƙorafin cewa 'yan boko sun kashe goyon ciki, ba sa dawowa gaban iyaye su haihu. Ga shi annoba ta yi mata abin da baki ya kasa. Ta gyara mata ɗaki, ta hana ta azumi, ta hana ta ɗaukar ko buta. Bilki ta yi kwana biyu tana barci, a na uku ta fara zagaye gida kamar kaza mai neman wurin ƙwai.

Ranakun nan duk kamarsu ɗaya. Mu yi sahur da tuwon jiya da ruwan randa wanda shi ma ya yi ɗumi, in ja mutanen gida sallar asuba a zaure tunda an hana jam'i, in fita gona kafin rana ta buɗe ido. Ban-ruwa da azumi a baka wani gwaji ne na daban. Ka tsoma tiyo a kanal ya cika, ka toshe bakinsa da tafin hannu, ka wurga shi ta kan gaɓa, ruwa ya kama gudu cikin fangalin shuka yana wannan ƙara mai daɗi. Ƙafarka cikin ruwa, hannunka cikin ruwa, maƙoshinka kuwa kamar an zuba masa toka. Kafin hantsi ya gama ɗagawa leɓe ya tsage. Da azahar duk wanda ka gani a gona to kwance yake ƙarƙashin mangwaro da jiƙaƙƙiyar riga a fuska.

Abin da ya fi ƙishirwar ciwo shi ne amfanin ya yi kyau. Tumatir ya nuna jawur, albasa ta ƙosa, babu mai saye. Motocin da kan zo su kwashe zuwa Kudu sun ɗauke ƙafa. Kwanduna suka yi ta zama a bakin gona har ruwa ya fara tsiyaya ta ƙasansu, warin ruɓaɓɓen tumatir ya bi gari, ƙudaje suka samu sallarsu tun kafin tamu. Abin da muka iya cetowa muka kwaso gida. Mata da yara suka zauna a inuwar katanga suna yankawa ana shanyawa a kan buhuna, rufin ɗaki da tsakar gida duk suka yi ja. Bilki ma ta ɗauki wuƙa ta shiga cikinsu, ina tsokanarta cewa gwamnati ta yi asarar kuɗin karatu, ga likita tana fiɗar tumatir. Kowace safiya kuma rediyo sai ta kawo labarin rasuwar wani dattijo a birni, Inna ta yi salati ta ci gaba da yanka.

Waya ba ta kamawa sosai a cikin gidanmu. Wurin da take kamawa shi ne kan gaɓar babban kanal, gindin wani dogonyaro. Duk ranar da suke da darasi nakan ɗauki Bilki a babur, ina tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, Inna tana bin mu da faɗa har ƙofar gida. Ta zauna a kan buhu, ta kafa wa wayar ido, muryar malaminsu tana fitowa tana yankewa. Ɗalibansa Tsoho suke ce masa a bayan ido. Ban taɓa ganinsa ba, amma muryarsa irin ta mutanen da ba su iya yabo ba ce.

Wata rana bayan darasi ta zauna tana kallon ruwa. Na ce ta taso mu tafi kafin rana ta yi mana illa, ba ta motsa ba. Sai ta ce, "Yaya, zan haihu in koma, a ƙirga min watannin nan a ce na kai in tsaya ni kaɗai. A kawo min ɗan wani yana mutuwa, alhali hannuna bai taɓa shiga ƙirjin mutum ba." Na ce ai ta sani a ka. Ta ce sanin kai daban, na hannu daban, in tuna ranar da na fara wurga tiyo. Na tuna kuwa. Na kalli mahaifinmu yana yi tun ina yaro, amma ranar da ya miƙo min sai da na jiƙa wandona sarai ruwan bai hau ba. Tausayinta ya kama ni.

Tsoho ne ya kawo dabara. Ya ce musu ba a fafe gora ranar tafiya, duk wanda zai iya samun awazar akuya ya samu ya riƙa gwada hannunsa a kai, domin haƙarƙarinta bai yi nisa da na ɗan Adam ba. Abokan karatunta da ke birni ko ƙofar gida ba sa iya fita. Ita kuwa ga mahauci katanga ɗaya ta raba mu. Na je na samu Ɗan'azumi na yi masa bayani. Lokacin ba kullum yake yanka ba, sai ranar da aka sassauta doka. Ya saurare ni baki buɗe, ya ce shi dai tunda yake bai taɓa jin an yi wa yankakkiyar akuya magani ba, amma in dai za a dawo masa da namansa babu laifi.

Haka aka yi. Duk ranar yanka, da zarar ya feɗe sai ya ratso da ɓari guda a kafaɗa ya shigo zaurenmu. In kifa turmi, in tsayar da awazar a kai in riƙe, kamar mutum ya kwanta ya ɗaga hannu. Bilki ta tafasa 'yan kayan aikinta, ta sa safar hannu, ta jingina waya a jikin gwangwani tana ɗaukar hoto mai motsi. Ta bi haƙarƙarin da yatsa tana ƙirgawa, leɓenta na motsi. Ta tsaga daidai saman ƙashi, domin ta ce jijiyar jini a ƙarƙashin kowane ƙashi take kwance. Ta tura hantsaki ya ɓula, ta sa yatsa ta laluba, ta zura guntun sabon tiyo siriri, ta ɗinke ta ƙulle. Ta cire, ta koma tsakanin ƙashi na gaba. Ni kuwa hannu ya sage, ga azumi, ga ƙarnin ɗanyen nama a cikin zafi, ga ƙudaje. In na motsa ta ce, "Yaya, marar lafiyarka zai faɗi."

Inna ba ta so abin ba ko kaɗan. A wurinta mai ciki ba ta ƙura wa irin wannan ido, kada abin da ke ciki ya ɗauko kama. Ta ce in dai aka haifo mata jika mai gemu to mu kuka da kanmu. Ta yi faɗan, ta yi fushin, da ta ga ba a fasa ba sai ta koma leƙowa ta ce a yi sauri kada naman bawan Allah ya lalace. Shi kuwa Ɗan'azumi ya ɗauki kayansa ya je ya sayar. Ba a jima ba aka fara kawo masa ƙara, wani ya ce ya tsinci zare a cikin miya, wata ta aiko a tambaya ko akuyar tela ya yanka. Da labarin ya bazu sai abin ya juye, mutane suka riƙa cewa a ba su naman likita, wai ya fi tsafta. Ya dinga kuri a bakin rumfarsa cewa duk ƙasar Kano shi kaɗai ne mahaucin da namansa ke zuwa asibiti kafin ya zo kasuwa.

Da yamma in kai ta kanal ta tura wa Tsoho hoton. Amsarsa takan zo a saƙon murya, wani lokaci sai washegari, ana jin hayaniyar asibiti a bayansa. Kin yi ƙasa da yawa. Kin yi sauri, wa ke korar ki? Wa ya koya miki wannan ƙullin? Ta yi ta maimaita saƙon a gida har muka haddace, yara suna kwaikwayonsa a tsakar gida. Inna kan tambaya ko malamin nan nasu mai faɗa ya aiko. Ni abin ya riƙa ba ni mamaki. Mutum yana tsakiyar annoba, yana kwana a tsaye kan marasa lafiya, amma ya samu lokacin da zai zauna ya duba ƙullin zare a jikin akuyar ƙauyenmu.

Wajen tsakiyar azumi saƙonsa ya zo da wata murya daban, a hankali, yana tsayawa yana tari. Ya ce, "Akuya kam kin iya ta. Saura mutum. In an buɗe, ranar da za ki yi na farko ina bayanki. Ba zan sa hannu ba, amma ina nan." Bilki ta ji daɗi ranar har ta ci tuwo biyu. Tarin ne kawai ya tsaya mata a rai.

Daga wannan bai sake aikowa ba. Ta tura, shiru. Ta sake turawa, shiru. A gindin dogonyaron nan aka kira ta aka faɗa mata. Ashe tun da aka fara, duk aikin da ya fi haɗari shi yake shiga ya yi, yana korar yaransa baya, har cutar ta kama shi. Ba ta yi ihu ba. Ta ajiye wayar a kan cinyarta, hawaye na zuba, ruwan kanal na wucewa. Babu halin zuwa jana'iza, babu halin zuwa gaisuwa. Na ji zafin mutuwar mutumin nan kamar na san shi, alhali muryarsa kawai na sani.

Ranar yanka ta zagayo, Ɗan'azumi ya shigo da awaza, na yi masa alama ya koma da ita. A zagaye na gaba ma har na fara ba shi haƙuri sai ga Bilki ta fito da kwanon kayanta yana tururi. Ba ta jingina waya ba. Na tsayar da naman ta yi aikinta tsaf, ta ƙulle zaren yadda Tsoho ya so. Tun daga ranar ban ƙara tsokanarta a kan akuya ba.

Goman ƙarshe ta shigo da wani irin zafi mai nauyi. Hadari ya haɗu a gabas ya yi baƙi, a yi ta sa rai, iska ta zo ta watsa shi. A cikin haka aka ce wani mai sayen albasa ya ɓoye motarsa a bayan gari ta wajen Bunkure. Ba a bin titi saboda shingaye, kowa ta kan gaɓar kanal yake bi. Na ɗaure buhu biyu a babur da hantsi na kama hanya. Daidai wata ƙaramar ƙofar ruwa tayar baya ta zame a kan tsakuwa, nauyin albasa ya ja ni, na faɗa da gefen ƙirjina na dama a kan ƙarfen da ake murɗawa a buɗe ruwa. Na ji ƙas a cikin jikina.

A adaidaita aka kawo ni gida aka shimfiɗe a zaure. Babu wanda ya ambaci asibiti. A kwanakin nan duk wanda aka gani yana haki sunansa mai korona, kuma ga hanya a rufe. Abin da aka saba shi aka yi, aka kira maɗori, dattijo ne abokin mahaifinmu, wanda ya ɗora rabin ƙasusuwan garin nan. Ya laluba ya ce haƙarƙari ne ya karye, ya karɓi rawani ya fara naɗe min ƙirji tamau. Maza sun cika zauren ana ta sannu. Ni dai na san abin ya wuce karaya. Duk numfashin da na ja sai ya fi na baya gajarta, kamar ana ƙara min buhun shinkafa a kan ƙirji. Ina son in faɗa, babu iskar faɗa.

Bilki tana bayan ƙofa, kunyar dattawa ta hana ta shigowa. Daga baya ta ce min sautin numfashina ne ya shigo da ita. Sai ganinta aka yi tsakiyar maza da hijabi da ciki a gaba. Ta durƙusa da ƙyar ta gaida maɗorin, ta ce, "Baba, a yi min izini a kwance rawanin nan in saurara." Dattijon ya dube ta, ya dube ni, ya warware da hannunsa. Ta sa abin sauraron ƙirji dama da hagu, ta ƙwanƙwasa da yatsa, ta taɓa maƙogwarona, ta dubi jijiyoyin wuyana. Ta gaya wa dattijon cewa karayar tana nan yadda ya faɗa, amma ƙashin ya huda huhu, iska tana fita tana taruwa a cikin ƙirji babu hanyar fita, kowane numfashi ƙara hura ta yake. Ta zaro wata allura mai kauri irin ta ƙarin ruwa, ta goge wurin, ta soka min a saman ƙirji. Duk wanda ke zauren ya ji fitar iskar, fuuu, kamar an sassauta bakin taya. Duhun da ya fara rufe min ido ya ja baya.

Ta ce wannan aron lokaci ne kawai, sai an sa bututu. Aka mayar da ni adaidaita, Bilki da Inna da Ɗan'azumi suka shigo, muka nufi wani ƙaramin asibitin kuɗi da ke bakin titi. Likitan wurin yana birni a killace, sai wata dattijuwar nas ce ke riƙe da shi. Allah Ya sa akwai bututun guda ɗaya a cikin ledarsa, da kwalbar da ake haɗawa, amma matar ta ce ita miƙa kaya ta sani, ba ta taɓa sawa ba. Bilki ta kira abokan aikinta na birni. Suka tambayi yadda nake, ta faɗa, suka ce ba zan kai ba, ta yi a nan. Allurar ta riga ta lanƙwashe, nauyin ya fara dawowa.

Ta zo kaina ta tsaya, takunkumi a fuska, idonta kawai nake gani.

"Yaya, ka san ban taɓa yi wa mutum ba."

Na tattara 'yar iskar da ta rage min na ce, "Na sani. Ai ni ke riƙe akuyar."

Gaskiya tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba. Da ban san komai ba da ya fi min sauƙi. Amma na san kowane mataki, na san inda jijiyar take kwance, na san sau nawa Tsoho ya ce ta yi ƙasa da yawa. Wanzami ba ya son jarfa, ashe mai riƙe masa kai ma ba ya so. Aka ɗaga hannuna na dama sama, Ɗan'azumi ya riƙe ni, riƙo irin na wanda ya saba da abin da ke shure-shure. Inna tana bakin ƙofa da carbi.

Bilki ta yi min allurar kashe zafi. Na ji yatsanta yana bin haƙarƙarina ɗaya bayan ɗaya, takunkumin na motsi tana ƙirgawa. Ta karɓi wuƙa. Sai ta tsaya, ta waiga ta kan kafaɗarta ta dama. Babu kowa a wurin sai bango. Ba ta daɗe ba, ko nas ɗin ba na jin ta lura, amma ni na gani, na kuma san wanda ta nema. Ta juyo ta yi bisimilla ta tsaga.

Ba zan yi ƙarya in ce babu zafi ba. Lokacin da hantsakin ya ɓula na yi ƙarar da har yau Ɗan'azumi yake kwaikwaya. Na ji yatsan ƙanwata a cikin ƙirjina, na ji sanyin bututun yana shiga. Daga ƙarƙashin gado sai kwalbar ta fara ɓulɓul, iska tana fita ta cikin ruwa. Na ja numfashi ya tafi, na ƙara ja ya ƙara tafiya. Ta ɗinke, ta ƙulle. Ta ja wa kowa kunne kada a ɗaga kwalbar sama da gado, in ba haka ba ruwan zai koma cikin ƙirjina. Na ce mata manomin rani take koya wa inda ruwa ke gangarawa.

Ta cire safar hannu. Ta zame ta zauna a ƙasa ta jingina da bango. Inna ta zo ta zauna kusa da ita, ta kama hannayen Bilki ta riƙe a cinyarta tana murzawa. Ɗan'azumi ya share gumi ya dube ni ya ce abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Na roƙe shi don Allah ya daina, dariya ciwo take min.

Ina kwance a wannan ɗakin ruwan farko ya sauka, ana jibi sallah ko gata. Iska ta fara bugun kwano, sannan manyan ɗigo, sannan ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shigo ta taga. Na ja shi a hankali ina jiran inda zai tsaya, bai tsaya ba sai da ya cika ɓangaren nan na dama har ƙasa. Na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba. Albasar da na zubar a kanal ban ko tambayi labarinta ba.

Bayan sallah Bilki ta haifi 'yarta, babu gemu, Inna ta duba da kyau. Da ta koma aiki sai da aka ƙara musu lokaci, domin dukansu akwai abin da kullen ya cinye musu. Ta gama, yanzu ita ke koyar da na baya. Har gobe takan aiko a karɓar mata awaza wajen Ɗan'azumi, ta ce babu mai taɓa mata ƙirjin mutum sai ya gaji da na akuya. Dalilin tambayar da ya yi min shekaranjiya ke nan.

Bara na raka wani maƙwabcina da injin casar shinkafa ya ji wa rauni zuwa asibitin nasu. Muna jira a baranda sai aka shigo da wani da tirela ta buge, aka wuce da shi ciki da gudu. Ƙofar ba ta rufu duka ba. Na hango an ɗaga hannun mutumin sama, wani matashin likita yana bin haƙarƙarinsa da yatsa, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Bilki tana tsaye daidai kafaɗarsa ta dama, ta harɗe hannuwanta a baya. Ya karɓi wuƙa, ya tsaya, ya waiga.

Tana nan. Ta gyaɗa masa kai, ya juya ya tsaga.